Sanyin da ya ƙi jin allura: amsa ga wata uwa daga Garin Malam

"Assalamu alaikum likitocinmu, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce a unguwar Garin Malam, nan Damagaram, shekarata 29, ƴaƴana biyu. Kusan shekara guda ke nan ina fama da sanyi. Ƙaiƙayi ne a gabana, wani daren har sai na tashi zaune, ga wani farin abu mai kauri da yake fita guda-guda kamar nonon da ya tsinke, amma ba ya wari. Wajen ya yi ja, in fitsari ya taɓa sai raɗaɗi, kwanciyar aure kuwa ta zame mini azaba. Ya fi tsananta in al'adata ta kusa. An yi mini allurar sanyi sau biyu a wani ɗakin magani, na sha kafso da Flagyl ban san iyaka ba. Ina zama cikin ruwan zafi da bagaruwa, ina wanke ciki da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, har matsin alif na yi. Sai ya lafa kwana kaɗan ya dawo. Banɗakinmu ɗaya da abokiyar zamana, zuciyata ta fara raya mini ko daga wajenta maigida yake kwaso mini. Autana ya shekara uku ban sake samun ciki ba. Shin sanyin nan ne ya cinye mini mahaifa?"

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Kin yi bayani tiryan-tiryan, kuma alamomin da kika lissafa sun fi kama da ciwon da takardar asibiti take rubutawa da sunan kandidoz ko mikoz. In har awo ya tabbatar shi ne, to ciwo ne da ba ya hawa mahaifa, yana kuma jin magani sosai. Abin da ya ba mu tausayi shi ne, kusan duk abin da kika yi shekara guda don ki kore shi, taki kika riƙa zuba masa ba ki sani ba.

Kalmar "sanyi" a bakinmu buhu ce, an zuba cututtuka iri-iri a ciki an ɗaure baki. Akwai na bakteriya, akwai na wata ƴar halitta mai suna tirikomonas, akwai waɗanda ake ɗauka ta saduwa irin su gonoriya da kilamidiya, akwai ciwon mafitsara, sannan akwai naki. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yana iya zama abincin wani.

Ƙwayar da take kawo kandidoz ɗin nan da muke zargi sunanta kandida. Dangin yis ce, wanda ake kumbura ƙullin burodi da fanke da shi, kuma dangin fumfunar da take fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Tana zaune a baki, a hanji, a kan fata, kuma wajen mace ɗaya cikin biyar tana ɗauke da ita a gabanta lafiya lau, ba ƙaiƙayi ba komai. Abin da yake taka mata birki wasu ƙwayoyi ne masu amfani da ake kira laktobasilus, ƴan'uwan waɗanda suke mai da madara kindirmo. Su ne suka cika bangon farji, suna riƙe masa ɗan tsaminsa, suna hana kowa wurin zama. Ki ɗauki misalin gonar da gero ya cika ya rufe: ciyawa tana nan a ƙarƙashi, amma ba ta da sarari. Ranar da aka tuge geron, cikin mako guda ciyawa ta mamaye. Haka kandida take yi. In ta samu fili sai ta yawaita, ta miƙe ta zama zare-zare, ta kama fatar wajen, daga nan ja da kumburi da ƙaiƙayi su biyo baya. Mata uku cikin huɗu sai sun gamu da wannan ko sau ɗaya ne a rayuwarsu, har da mafi tsaftar cikinsu.

To me yake tuge geron? Na farko shi ne antibiyotik. Allurar da aka saba yi da sunan sanyi, irin su seftiriyazon, da kafso irin su amoksisilin, ampisilin da tetirasikilin da ake tallarsu a faranti a Kasuwar Dole da tashoshin mota, duk bakteriya suke kashewa. Ba su bambanta mai cutarwa da mai gadi ba, kuma ko gezau kandida ba ta yi da su. Flagyl ma yana da aikinsa a kan wasu nau'o'in sanyin, amma ba ya kashe kandida. Za ki ce ai kin ga sauƙi bayan allurar. Ki lura da kwanakin: wannan ciwo yana tsananta a makon da al'ada za ta zo, in jini ya fara sai ya lafa da kansa. Mace takan je neman magani a ranar da abin ya kai maƙura, bayan kwana uku ko huɗu jini ya zo, sauƙi ya samu, sai a yaba wa allura. Wata mai zuwa kuma ya dawo da ƙarfinsa, don masu gadin sun ƙara raguwa.

Na biyu shi ne wankin ciki, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don nan ne mata da yawa suke cutar kansu da kyakkyawar niyya. Cikin farji yana wanke kansa. Ɗan ruwan nan fari ko garai-garai da yake fita, ba wari ba ƙaiƙayi, mai yauƙi a tsakiyar wata, shi ne tsintsiyarsa, ba ciwo ba ne. Sabulu da yatsa a ciki suna kwashe masu gadi. Alif da bagaruwa suna tsotse danshin fatar, ta bushe ta tsattsage, sai mace ta ji wajen ya tsuke ta ɗauka gyara ne, alhali kumburi ne da bushewa. Waɗannan ƴan tsage-tsagen su ne fitsari yake taɓawa ki ji kamar an zuba barkono, kuma ƙofa ce ga cututtukan da suka fi kandida haɗari. Ruwan zafi yana kashe ƙaiƙayi na minti goma, sannan ya bar fatar ta fi da hasala. Miskin matsi, turaren tsuguno, tafarnuwa, gishiri, kanwa, man goge baki da duk wani haɗin kayan mata da ake cusawa, ki ajiye su gaba ɗaya. Ko ta fuskar addini, malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun bayyana cewa tsarki wanke abin da ya bayyana ne, ba a ɗora wa kowa wanke abin da ya ɓuya a ciki ba. Buta ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba zafi ba, daga gaba zuwa baya, ta wadatar. Ko a watannin da famfo ya ɗauke a gari aka koma sayen ruwan garuwa, wannan bai fi ƙarfin kowa ba.

Kafin ki sake sayen ko ƙwaya ɗaya, ki je a duba ki. Ido kaɗai yana ruɗi, kuma cuta biyu suna iya haɗuwa lokaci guda. Na kandida, ruwan fari ne mai kauri, yana manne wa bango, ba ƙarni, ƙaiƙayi ne sarkinsa. Na rikicewar bakteriya, ruwan tsararo ne mai launin toka-toka, yana ƙarnin kifi, musamman bayan saduwa ko bayan al'ada, ƙaiƙayinsa kaɗan ne, kuma shi ne Flagyl yake yi wa aiki. Na tirikomonas, ruwan rawaya ne ko kore-kore mai kumfa da wari, ana ɗaukarsa ta saduwa, shi ne kuma dole a ba miji da duk matan gidan magani tare. Ki fara da sajfam, wato ungozomar asibiti, a CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, in ana bukatar labo, wato ɗakin awo, a tura ki Cibiyar Uwa da Yaro ko Babban Asibitin Ƙasa na Zinder. Awon da za ki nema shi ne wanda ake rubutawa PV: a sa ɗan tsinke mai auduga a lakato ruwan daga ciki, a duba a madubin labo, a kuma shuka shi a ga abin da zai tsiro. Ki je a lokacin da ƙaiƙayin yake kanki, ba cikin jini ba, ba ki wanke ciki ba, kuma kin yi kwanaki ba ki sa wani magani a wajen ba. In ba haka ba takarda ta fito fes alhali ciwon yana nan. Ki tafi da kwalayen duk magungunan da kika sha, ki zube su a gaban mai duba ki.

Akwai alamomin da in kin gan su ba a jiran gobe: ciwon mara mai tsanani tare da zazzaɓi, ruwa mai kama da mugunya, jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada biyu, gyambo ko ƙuraje masu ruwa a wajen. Waɗannan ba aikin kandida ba ne. Haka kuma in kin taso kina wanka ko wanki a tafki, ko kin taɓa fitsarin jini, ki faɗa da bakinki, don tsargiya tana kama al'aurar mace ta yi ta kwaikwayon sanyi shekara da shekaru, maganinta kuma daban ne.

In awo ya nuna kandida ce, maganin ba shi da tsada kuma ba allura a cikinsa. Akwai na cusawa, wanda a farmasi ake ce wa obil. Kilotirimazol yana zuwa ƙarfi uku: mai miligiram 500 dare ɗaya tak, mai 200 dare uku a jere, mai 100 dare shida a jere. Ekonazol mai miligiram 150 dare uku ne, akwai kuma irinsa mai narkewa a hankali da ake sawa sau ɗaya. Nistatin ya fi su jan lokaci, dare 14. Ga wadda wajenta ya yi ja ya kumbura kamar naki, na kwanaki da yawa ya fi na dare ɗaya.

Yadda ake sawa yana da muhimmanci kamar maganin kansa. Bayan isha'i, in kin gama komai za ki kwanta, ki yi fitsari, ki wanke hannu da sabulu, ki kwanta rigingine ki tanƙwashe gwiwoyi, ki tura ƙwayar da yatsa har iyakar tsawon yatsan. In ta tsaya a baki-baki za ta faɗo ko ta yi miki zafi. Kada ki tashi yawo bayan nan. Da safe za ki ga farin abu kamar alli ya zubo a kamfai, ragowar maganin ce, ba ciwon ne ya ƙaru ba. Ba a haɗiyar wannan ƙwaya, ko da ta yi kama da ta sha. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Damagaram take haura digiri 40, obil mai maiƙo yana narkewa tun yana cikin ledarsa. Ki ajiye kwalin a gindin randa, in kin taɓa kin ji ya yi laushi ki tsoma shi da ledarsa cikin ruwan sanyi na ƴan mintoci kafin ki ɓare. Ki daidaita kwanakin yadda za ki gama kafin jini ya zo, ko ki fara bayan kin yi wanka. Sannan ki haɗa da man kilotirimazol mai kashi 1 cikin 100, ki shafa siriri a waje sau biyu zuwa uku a yini, mako ɗaya zuwa biyu, don obil yana aiki a ciki ne, ƙaiƙayin kuwa a waje yake. Cikin kwana biyu zuwa uku za ki ji sauƙi, kuma a daidai nan ne mata da yawa suke ajiye sauran maganin "don wani lokaci". Ki ƙarasa shi. In mako ya cika ba sauyi, ki koma, kada ki sake sayen wani kwalin.

Akwai kuma na sha, fulukonazol, kafso ɗaya mai miligiram 150. In ciwon ya yi tsanani a ƙara ɗaya bayan kwana uku. Yana da sauƙin amfani, amma ke da kike neman haihuwa ki kula ƙwarai: ba a ba mai ciki. In al'adarki ta yi jinkiri ko da kwana biyu ne, ki yi awon ciki tukuna. Mai ciki na cusawa kawai take yi, na kwana bakwai, da yatsa ba da ɗan bututun turawa ba. Mai ciwon hanta ko mai shan wasu magunguna kullum, ta faɗa wa likita kafin ta sha.

Tun da naki ya yi ta dawowa, akwai sauran aiki. In ya kai sau huɗu a shekara kuma awo ya tabbatar, likita yakan ba da fulukonazol a rana ta 1, ta 4 da ta 7, sannan kafso ɗaya kowane mako har wata shida. Tsari ne da ba a yin sa da ka, kuma ba ya tafiya tare da neman ciki, don haka ki gaya wa likitan burinki tun farko ya zaɓa miki na cusawa. Shukar da labo take yi tana da amfani a nan: yawancin ciwon daga nau'in da ake kira albikans yake, amma akwai wani, gilabirata, da ba ya jin fulukonazol sosai, shi nistatin na dare 14 ake bi da shi.

Dole kuma a nemi abin da yake ba ta ƙarfi. Ki yi awon sukari da safe kafin ki ci komai. In ya kai giram 1.26 a lita ko ya wuce, aka maimaita aka sake samun haka, ciwon sukari ne, kuma kandida ba za ta bar ki ba sai an daidaita shi. Mata da dama ta hanyar ƙaiƙayin nan aka fara gano sukarinsu, musamman masu yawan ƙishirwa da tashin fitsari da dare. Ki yarda a yi miki awon sida, ba don ana zargin ki ko maigidanki ba, ƙa'ida ce ga duk ciwon da ya ƙi tafiya, kuma sirri ne tsakaninki da mai awon. Sai wata tambaya da za ki amsa wa kanki: kina shan ƙwayoyin ƙiba, ko kina shafa man ƙara hasken fata? Deksametazon da ake sha don a yi jiki, da mayukan da suke ɗauke da kilobetazol ko betametazon, suna danne garkuwar jiki. Wasu ma har a wajen suke shafa irin man nan don yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, alhali a ƙarƙashi kandida tana ƙara yaɗuwa, fatar kuma tana sirancewa. Wadda ta daɗe tana shan deksametazon kada ta yanke shi dare ɗaya, likita ne zai rage mata a hankali.

Danshi da zafi ma suna taimaka mata. Kamfan roba, a kansa kolan, a kansa siket da zani da hijabi, cikin bazara, wajen ba ya shan iska ko kaɗan. Ki koma na auduga mai ɗan yalwa, ki canza in kin yi gumi, da dare ki kwana da zani kawai. Mun san kunya take sa a shanya kamfai a bayan ƙofa ko a ƙarƙashin katifa, ya kwana biyu da laima. Ki shanya shi a rana ki rufa masa ɗankwali marar kauri, ki ɗauraye omo sosai. Ƙunzugu kada ya wuce awa huɗu zuwa shida. Bayan tsarki ki dangwale ruwan da ƙyalle mai tsabta wanda naki ne ke kaɗai. In ƙaiƙayi ya taso cikin dare, ki jiƙa ƙyalle da ruwan randa ki ɗora, ki yanke farce, don susa tana ƙara tsaga fatar. Waɗannan ba sa warkarwa su kaɗai, amma suna ba magani damar aiki.

Maganar abokiyar zamanki, muna roƙon ki ki sauke ta daga zuciyarki. Kandida ba a lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ba. Budurwar da ba ta san namiji ba tana yin ta. Wadda take damun ki daga jikinki take, yawanci daga hanji take gangarowa, shi ya sa muka ce tsarki daga gaba zuwa baya. Masai ma ba ya ba da ita, tsugunawa kike yi ba abin da yake taɓa ki. Maigida ba ya bukatar magani sai in shi ma yana jin ƙaiƙayi ko ya ga ja a kan mazakutarsa, abin da bai cika samun mai kaciya ba, in ya samu kuwa man kilotirimazol na mako guda ya ishe shi, shi ma ya auna sukarinsa. In awo ya fito da tirikomonas ko gonoriya ko kilamidiya, wannan wata magana ce, gidan gaba ɗaya za a yi wa magani a rana ɗaya. Ki yi wa maigida bayani cikin lumana cewa kina bukatar hutun mako guda har fatar ta warke, don gugar tana sabunta tsagar. Masu amfani da kwaroron roba kuma su sani maiƙon obil da man shafawar yana raunana robar.

Sai batun haihuwa. Kandida iyakarta farji da bakinsa, ba ta toshe hanyoyin ƙwai, ba ta cin mahaifa. Masu toshewa su ne gonoriya da kilamidiya in aka bar su suka hau sama, kuma sau da yawa ba sa ƙaiƙayi ko kaɗan, wanda hakan wani dalili ne na zuwa a duba ki da kyau. Ki kuma yi lissafi: in kin shayar da autanki kusan shekara biyu, ita kuwa shayarwa takan jinkirta samun ciki ga wasu matan, to shekara ɗaya ce kawai ta rage, ita ce kuma shekarar da zafi ya sa kike gudun shimfiɗa. Ki warke tukuna, ki fara rubuta ranar da jini yake zuwa kowane wata a ɗan littafi. In kun yi wata 12 kuna saduwa akai-akai ba tsarin iyali kuma shiru, ku je tare da maigida wajen likitan mata, ki riƙe littafin nan da takardun awonki, shi ma a auna maniyyinsa ko da yana da ƴaƴa a ɗaya ɗakin.